Littafin Mai Tsaron Ƙofar Kwamfuta

Hakimai da malamansu sun san aikin sarkin ƙofa. To, kwamfutocin ofis ma suna da nasu mai tsaro, watau katangar da ke tsakaninsu da intanet. A tsarin Linux, sashen da ake kira conntrack shi ke riƙe da littafi. Kowace hulɗa aka bari ta ƙullu da wata na'ura, sai ya rubuta adireshin mai kira, da na wanda aka kira, da lambar ƙofar da aka bi. In amsa ta dawo, da littafin nan ake gane ta.

Malami yana iya buɗe littafin lokaci-lokaci ya duba, amma a nan akwai hasara. Bisa al'ada, hulɗa irin ta UDP wadda ba a amsa ba, bayan daƙiƙa 30 ake shafe ta. Wanda ya duba bayan awa guda ba zai tarar da ko sawun wanda ya shiga ya kwashi takardun haraji ba.

Abin da ya fi kyau, a sa mai tsaron ya riƙa aiko da labari nan take. Da umarnin conntrack -E yakan sanar da abu uku: an buɗe sabuwa, halin wata ya sake, ko an shafe wata. Sa'an nan a shirya na'ura ta rubuta, ko ta toshe adireshin da ya cika zirga-zirga.

Amma lalle a kula, in mai karɓar labarin ya yi nawa, saƙonni sukan cika ma'ajinsa, na baya su zube. Saboda haka a faɗaɗa ma'ajin, a kuma nemi irin labarin da ake bukata kaɗai.