Noti da Lambarsa: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Musanya Notin Babur

A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Minjibir, inda gona ke manne da gona, babur ne ya gaji mafi yawan aikin jaki. Shi ke kai taki gona, shi ke kwaso kayan lambu daga fadamun da ke kewaye da madatsar ruwan Wasai, shi ne kuma motar asibiti idan naƙuda ta zo da tsakar dare. Hanyoyin da yake bi galibi na burji ne da yashi, saboda haka da wuya mako ya wuce wani noti bai kwance ya faɗi ba. Idan aka je wurin bakanike, sai ya zazzage gwangwanin tsofaffin notuna, ya zaɓo wanda ya shiga ramin, ya ɗaure. To amma shiga dabam, dacewa dabam.

Siffofin noti

Kanikawanmu kan kira noti da lambar sifanar da ke kwance shi, a ce mai lamba 10 ko mai lamba 12. Wannan lamba faɗin kai kawai take nunawa. Abubuwan da ke tabbatar da dacewa guda huɗu ne: kaurin jiki, da tazarar zare, wato tiredi, da tsawo, da ƙarfin ƙarfen. Idan mai karatu ya ga an rubuta M8×1.25, ma'anarsa kaurin namijin notin milimita 8 ne, kuma tsakanin haƙorin zare da na kusa da shi milimita 1.25. Irin wannan noti, idan na ma'aunin Japan ne, sifana lamba 12 ke kama shi. Idan na ma'aunin Turai ne, lamba 13. Ashe ke nan notuna biyu masu kai dabam-dabam suna iya zama abu ɗaya, biyu masu kai iri ɗaya kuma su saɓa.

Zare shi ne inda aka fi yin ɓarna, kuma dalilin yana cikin tarihi. A 1841 Joseph Whitworth na Ingila ya fito da tsarin zare na bai-ɗaya wanda ake aunawa da inci. A 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka amince da wani tsarin incin dabam, daga bisani kuma tsarin milimita ya mamaye duniya. Kamfanin kekuna na Raleigh, wanda iyayenmu suka sani sarai, a da nasa zaren yake yankawa a sassa da dama, mai haƙori 26 a kowane inci. Duk waɗannan sun shigo ƙasarmu a jikin kekuna da tsofaffin injunan niƙa da taraktoci, kuma idan injin ya mutu, notunansa ba sa mutuwa. Gwangwanin bakanike suke komawa.

Mu ɗauki noti mai kaurin 5/16 na inci. A milimita 7.94 ke nan, ido ba zai bambanta shi da M8 ba. Amma tazarar zarensa milimita 1.41 ce, ta M8 kuwa 1.25. A kowane zagaye ana samun saɓanin milimita 0.16, saboda haka zai shiga lami lafiya zagaye biyu ko uku, sa'an nan ya cije. A nan ne yaron gareji kan ɗauka tsatsa ce, ya sa ƙarfi. Da yake gangar injin babur ta alminiyam ce, wanda bai kai ƙarfe tauri ba, zaren injin ne ke cinyewa, notin ya fito lafiya lau. Haka abin yake ko a cikin tsarin milimita: M10 na baburan Japan yawanci mai tazarar 1.25 ne, alhali wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini mai 1.5 ne. Akwai ma zaren da ke juyawa hagu, kamar na madubin dama a yawancin baburan Yamaha, wanda mutane da yawa suka karya suna zaton kwancewa suke yi.

Ƙarfin da ke rubuce a kai

Idan aka goge kan noti mai kyau za a ga lamba kamar 4.8 ko 8.8 ko 10.9. Lambar farko, idan aka ninka ta sau 100, tana ba da nauyin da kowace murabba'in milimita ta ƙarfen za ta ɗauka kafin ta tsinke, da ma'aunin niyuton. Ta biyu tana nuna inda ƙarfen zai fara miƙewa ba ya komawa: 8 na nufin kashi 80 cikin ɗari na wancan nauyi. Jikin M8 a wurin zare murabba'in milimita 36.6 ne. Idan mai 8.8 ne, lissafi ya ba mu 800 sau 36.6, wajen niyuton 29,000, wato kusan tan 3, ko buhu 30 mai kilo 100. Mai 4.8 rabin haka zai ɗauka, alhali a ido tagwaye ne. Wasu kamfanonin Japan kan buga 4 ko 7 kawai a kai, 7 ɗin shi ne mai ƙarfi. Wanda babu komai a kansa, a ɗauke shi rarrauna.

Mai karatu zai iya tambaya, ina babur ina tan 3? Amsar ita ce noti ba rataya kaya yake yi ba. Idan aka ɗaure shi, miƙewa yake ɗan yi kamar roba, wannan miƙewar ce ke matse sassan biyu har su zama kamar abu guda. Rarraunan noti ba ya jure matsin da ake bukata, sai ya saki, sassan su fara motsi. A 1969 injiniyan Jamus Gerhard Junker ya nuna da gwaji cewa girgizar da ke zuwa ta gefe ita ce ke kwance noti, kuma irin wannan gwaji ya nuna 'yar zoben nan mai tsaga da ake sawa ƙarƙashin noti ba ta hana hakan yadda ake zato. Hanyar burji mai gargada kuwa gwajin Junker ce ta kullum. Daga motsi sai ƙarfen ya gaji, tsaga ta fara a gindin zare tana ci a hankali, ran nan ya ɓalle ba sallama. A murfin gefe wannan ba komai ba ne. A birki, ko ƙafar gaba, ko shakazoba, ko faifan haƙoran da sarƙa ke ja, magana ce ta rai, don haka a waɗannan wurare ba a sa abin da ya gaza na asali ƙarfi.

Tsawo ma yana da nasa sharrin. Notunan murfin inji ba tsawonsu ɗaya ba. Gajere zai kama haƙori uku kawai ya tsige su, dogo kuma zai tokare ƙasan rami, ya fasa gangar, bakin mai ya riƙa tsiyaya. A alminiyam ana so zaren da ya shiga ya kai kaurin notin sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Gwanayen kanikawa kan zana murfin a kwali, su soka kowane noti a gurbinsa yayin kwancewa. Dabara ce da ba ta cin ko sisi.

Dalilin sauya lamba

Kowane sashe na babur yana da lambar kamfani, kuma tana karantuwa. A tsarin Honda, alal misali, 95701-06025-00 noti ne mai faffaɗan kai: 06 kauri ne, 025 tsawo. Sassan da aka ƙera musamman domin wani samfuri kuwa, haruffa ko lambobi uku na tsakiya suna nuna babur ɗin da aka fara yi wa su, shi ya sa lamba ɗaya kan bayyana a babura da dama.

Kamfani kan soke lamba ya ba da sabuwa idan ya sauya maƙeri, ko ƙarfe, ko siffa, ko rufin hana tsatsa. Wajajen 1967 kamfanonin Japan suka koma tsarin duniya, zaren M5 ya tashi daga tazarar 0.9 zuwa 0.8, aka riƙa sa ɗigo a kan sababbin domin a gane su. Daga 2007 kuma dokar motoci ta Tarayyar Turai ta hana wani rufi mai ruwan ɗorawa saboda gubar da ke cikinsa, sai maƙeran notuna suka koma mai haske. Na farko sauyi ne da ya hana musanya sam. Na biyu launi ya sauya, girma bai taɓu ba. Saboda haka idan ɗan kasuwa a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ya ce lamba ta canja, ba lallai ƙarya yake ba, amma a nemi ganin littafin kamfani ko takardar da ke jikin ledar. A kuma lura cewa sauyin kan tafi ta hanya ɗaya: sabuwar lamba ta maye tsohuwa, tsohuwar ba lallai ta yi aiki a sabon babur ba, wani lokaci ma sai an sauya macen notin tare da namijin.

Baburan Sin irin su Jincheng da na Indiya irin su Bajaj Boxer, waɗanda suka cika karkararmu, kowanne da tsarin lambarsa, kuma kamannin inji da na Honda ba hujja ba ce cewa kowane noti zai dace. Inda babu littafi, sai a tafi kasuwa da tsohon notin, ko da guntunsa ne. A haɗa zarensa da na sabon, a ɗaga su wajen haske: idan tazara ɗaya ce haƙoran za su shige juna, haske ba zai ratsa ba. A gwada tsawo, a karanta kai. Wajen ɗaurawa a fara da yatsu. Notin da ya dace yakan shiga zagaye biyar ko shida ba tare da sifana ba, wanda ya cije tun a zagaye na biyu a fitar da shi.