Kolestarol ya sauka, amma hanta fa?

A ɗakin gwajin jini da nake aiki a nan Yamai, layi ɗaya mutane ke zuba wa ido in sun karɓi sakamako: kolestarol. In ya haura giram 2 a lita, hankali ya tashi, a rantse an bar kilishi da man shanu. In ya sauka, sai hamdala. Kwanaki wani dattijo, idanunsa sun yi rawaya, ya yi ta murna don nasa ya faɗi ƙasa ƙwarai. Na ce masa, "Baba, yau ɗin nan ka koma wa likita da takardar nan." Hantarsa ce ta gaza.

Hanta na ƙera kolestarol, tana kuma zuba wa jini wani furotin mai suna LCAT, wanda ba a rubuta shi a takardar gwaji, amma aikinsa na cikin lambobin. Kolestarol ba ya garwaya da jini, kamar mai da ruwa, sai an ɗauke shi cikin ƙunshi. Ƙunshin HDL, wanda ake kira mai kyau, yana farawa a baje kamar faifai, yana kwasar rarar kolestarol daga sassan jiki. LCAT kan zauna a kansa, ya yanko sarƙar mai guda daga lesitin, wani mai da ke jikin ƙunshin, ya ɗaura wa kolestarol. Da an ɗaura, sai kolestarol ya nutse tsakiyar ƙunshin, faifai ya kumbura ya zama ƙwallo, bayansa ya samu gurbin ɗaukar wani. Daga nan kayan su koma hanta, ta fitar da su ta madaciya. Kusan kashi 70 cikin 100 na kolestarol ɗin jini a wannan ɗaurarriyar siffa yake.

Ƙirar LCAT na ba ni sha'awa. Sarƙa ce ta tubalan amino 416, umarnin ƙera ta na kan kuromosom na 16, amma uku kacal ke yankan da ɗaurin: serin, aspartat da histidin. Suna cikin wani ɗan rami mai murfi, kuma aikin ba ya kankama sai furotin apoA-I na jikin HDL ya zaburar da shi.

John Glomset ne ya fayyace aikin LCAT a Amurka a 1962. A 1967 Norum da Gjone suka gano 'yan gida ɗaya a Norwe da aka haifa ba su da shi: baƙin idonsu ya yi hazo, jini ya yi ƙaranci, fitsari na zubar da furotin. Akwai kuma nau'i mai sauƙi da ake kira ciwon idon kifi, don idon kan yi fari kamar na dafaffen kifi. Irin na gado ba kasafai ake gani ba. Abin da ke zuwa teburina shi ne hantar da ciwon hepatit B, wanda ya yi mana yawa a Nijar, ya cinye. LCAT ya ragu, HDL ya zube.

Don haka in ka ga HDL ya yi ƙasa da giram 0,40 a lita sosai, ga kasala, ga shawara ko kumburin ciki, kada ka ajiye takardar a aljihu. Roƙi likita ya haɗa da gwajin hanta da na hepatit B. Ranar ɗibar jinin kuma, zo bayan awa 12 ba ci. Ruwa ba ya ɓata gwajin, amma shayi da madara na ɓatawa.