Kafin Ka Sa Hannu, Ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta kawo mini takardar da kamfanin nan ya ba ka, ta ce ka matsu ka sa hannu kafin ƙarshen wata. Na karanta ta sau biyu, na kuma saurari waƙarka da ake ta yaɗawa a waya. Muryar tana nan, baitin yana da ma'ana, Allah Ya ƙara basira. Ban kira ka don in hana ka ba. Na yi shekaru ina zirga-zirga tsakanin situdiyoyin Zoo Road da shagunan kaset na Ƙofar Wambai, na ga masu murya irin taka da yawa, kuma abin da ya kayar da mafi yawansu ba rashin baiwa ba ne. Ba su san abin da suka mallaka ba, sai suka sayar da shi a kuɗin cefanen mako guda.

Fara da sanin wannan. Duk waƙar da ka shiga situdiyo ka yi, dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato baitocin da ka tsara da karin da ka ɗora su a kai. Ko wani ya rera ta a gidan biki da kalangu, ko wata ta sake ta da fiyano bayan shekara ashirin, waƙarka ce. Ta biyu ita ce sautin da aka naɗa a ranar, muryarka da kiɗan da amshin kamar yadda suka fito daga kwamfutar mai situdiyo, abin da 'yan sana'ar ke kira masta. Kowacce da mai ita, kowacce da hanyar kuɗinta. A kasuwa, wanda ya biya kuɗin situdiyo shi ke fara cewa masta tasa ce, idan babu takardar da ta faɗi akasin haka sai rigima. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba waƙar kariya tsawon ran mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 daga lokacin da aka sake shi ga jama'a. Ka ga ke nan maganar ta wuce kai kaɗai, gadon 'ya'yanka da jikokinka ake magana.

Kakanka manomi ne, don haka bari in kwatanta maka da abin da ka tashi ka gani. Waƙa gona ce. Mai gona yana iya sayar da hatsin bana, yana iya ba da hayar gonar na damina biyu ko uku, yana iya jinginar da ita ya karɓi kuɗi har ranar da ya fanshe, yana kuma iya sayar da ita ɗungurungum ya wanke hannunsa. Huɗun nan duk halal ne, amma ba ɗaya ba ne. Takardar da ke hannunka, a sakin layi na bakwai, cewa take ka miƙa dukkan haƙƙoƙinka a ko'ina a duniya har abada. Wannan sayarwa ce, alhali wanda ya kawo maka ita da baki haya ya ce maka. Doka ba ta amincewa da miƙa haƙƙi sai a rubuce, saboda haka abin da aka rubuta shi ne zai tsaya a gaban alƙali, daɗin bakin da aka yi maka a cikin mota ba zai je kotu ba.

Akwai wani mawaƙi a Afirka ta Kudu, Solomon Linda. A 1939 ya naɗi waƙarsa Mbube a kamfanin Gallo da ke Johannesburg, aka ruwaito cewa sule goma aka ba shi. Waƙar ta tsallaka teku, Amurkawa suka sake mata riga ta zama The Lion Sleeps Tonight a 1961, daga baya ta shiga fim ɗin The Lion King na 1994, ta tara wa mutane dukiya mai yawa. Shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 'ya'yansa suka samu sulhu bayan shari'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kada ka ɗauka sai marar ilimi abin ke samu. Taylor Swift, da duk girman sunanta a Amurka, ta wayi gari a 2019 an sayar da kamfanin da ke riƙe da mastocin kundinta shida na farko, domin tun tana yarinya ta sa hannu cewa na kamfani ne. Abin da ya cece ta shi ne ita ta rubuta waƙoƙin, dukiya ta farko tana hannunta, sai ta koma situdiyo ta sake naɗar huɗu daga cikin kundayen, kuma sai a 2025 ta iya saye asalin mastocin da kuɗinta.

Na ga irin wannan da idona a nan Kano, ba sau ɗaya ba. Wani yaro mai ladabi ya taɓa kawo waƙar soyayya situdiyon da nake zama. Wani furodusa ya ji ta, ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya ƙirga masa a kan tebur, yaron ya karɓa hannu biyu yana godiya har da durƙusawa. Ba takarda, ba shaida. Aka sa waƙar a fim, jarumi ya hau kanta yana motsa baki, gari ya ɗauka, har yara suna kiranta da sunan jarumin. Bayan shekaru na gan ta a YouTube a tashar wani can daban, masu kallo sun yi yawan da ban iya ƙirgawa ba, sunan yaron ko a ƙasan bidiyon babu. Ranar da na haɗu da shi yana jan Adaidaita Sahu, ya ce mini, "Baba, ai ni na ɗauka na fim ɗin kaɗai na sayar." Har yau maganar nan tana cina.

Sai maganar kafin alƙalami, wadda na san ita ta fi jan hankalinka. Kuɗin da kamfani ke ba mawaƙi a farko ba kyauta ba ce, bashi ne da za a cire daga kasonka. Mu yi lissafi. A ce an ba ka naira miliyan 2 a hannu, an kashe miliyan 3 a situdiyo da bidiyo da talla, an rubuta duka a kanka, kasonka kuma kashi 20 cikin ɗari ne. Kafin ka ga ko kwabo, sai waƙoƙin sun shigo da miliyan 25, domin daga kashi 20 ɗinka kaɗai ake biyan miliyan 5 ɗin. A wannan lokacin kamfani ya riga ya ɗauki miliyan 20 nasa. Ban ce zalunci ne kai tsaye ba, wanda ya zuba jari ya ɗauki kasada, da yawa daga waƙoƙin da ake zuba wa kuɗi ba sa dawo da uwar kuɗi. Amma ka tambaya a rubuta maka: me da me za a ɗora a kaina, wa zai amince kafin a kashe, duk wata nawa za a nuna mini lissafi, kuma bayan shekara nawa mastar za ta dawo hannuna. Kamfanin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Ka duba kuma ko hannunsu ya kai har kuɗin wasan biki, da liƙin da ake maka, da waƙar da ɗan siyasa ko attajiri zai sa ka yi masa, da talla. A wajenmu nan ne mafi yawan abincin mawaƙi yake tun zamanin su Shata da Ɗanƙwairo, kuma har gobe. Sannan sunanka. Kiss Daniel ya rabu da kamfanin G-Worldwide a 2017, aka shiga kotu, sunan da duniya ta san shi da shi ya shiga cikin rigimar, a 2018 ya koma Kizz Daniel. Sunan da za ka yi shekaru kana ginawa, tabbatar takarda ta ce naka ne.

Game da intanet ba zan tsawaita ba, kun fi mu saninta. Zamaninmu kaset ne da faifan CD, sai 'yan tura waƙa a waya suka zo suka kashe kasuwar. Yanzu akwai YouTube da Audiomack da Boomplay da Apple Music, Spotify ma ta shigo Najeriya a 2021. Akasarinsu ta hannun dillalai ake kai musu waƙa, irin su DistroKid da TuneCore, wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu la'ada. Abin da ake biya kan kowane sauraro ɗan mitsitsi ne, kuma na mai sauraro a Kano bai kai na wanda ke Landan ba, saboda kuɗin rajista da na talla sun bambanta. Taruwa yake a hankali kamar adashi. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: tashar YouTube da asusun dillalin, da imel ɗinka da lambar wayarka da asusun bankinka za a buɗe su. Na san mawaƙan da aboki ya buɗe musu tasha don taimako, ranar da aka ɓata ya tafi da makullin. Ka kuma yi rajista da ƙungiyar da hukuma ta amince ta karɓar wa masu waƙa kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal da wuraren taro, a Najeriya akwai MCSN, a Nijar akwai BNDA.

Yadda ba ka so a ci haƙƙinka, kai ma akwai na wasu a wuyanka. Mai kiɗan da ya kwana yana haɗa maka sauti, yarinyar da ta yi maka amshi, abokin da ya gyara maka baiti biyu, tun ba ku bar situdiyo ba ku zauna ku rubuta: wane sallamarsa aka yi gaba ɗaya da nawa, wane yana da kaso kaza. Kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Ranar da waƙa ba ta kawo komai ba kowa ɗan'uwa ne, ranar da ta fashe ake jin "ai ni na kawo amshin". Mu Hausawa kunya ke cutar mu a nan, muna ganin neman takarda kamar zargi ne. Ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga mutanen da suka fi mu amana aka fara karanta ta. In ka ɗauko kari ko amshin wani tsohon mawaƙi, nemi magadansa ka yi musu sallama, suna nan da ransu.

Wanda ya kawo maka takardar nan ya ce lauyan kamfani ya riga ya duba. Lauyan kamfani na kamfani ne, aikinsa ya yi. Ka ce musu kawunka ya ce a ba ka mako biyu. In sun ga abin da na gani a muryarka za su jira. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurare biyar, ciki har da inda aka ce yarjejeniyar za ta riƙa sabunta kanta ba tare da an sake tambayarka ba. Ran Asabar bayan la'asar ka zo da ita, da littafin da kake rubuta baitocinka, mu je wajen wani lauya da na sani ya karanta mana ita layi-layi da Hausa. Kuɗin ganinsa ni zan biya. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ta kwantar da hankalinta.