Yadda Ake Saƙa Safar Hannu Mai Buɗaɗɗen Baki a Zahir

Wanda bai zauna Makka ba zai yi dariya in aka ce masa ana saƙa safar hannu a unguwar Zahir. Gari ne da zafinsa kan wuce digiri 40 wata da watanni, ko a Janairu ma sanyin dare bai cika sauka ƙasa da digiri 15 ba. Amma sanyin Makka na na'ura ne. Tsohuwa mai ciwon gaɓɓai da ta zauna cikin Harami daga Magariba zuwa Isha'i ta san shi, haka mai kwanan jinya a asibiti. Ga Ɗa'ifa can bisa dutse, sama da mita 1,800, ga asubar Madina a lokacin sanyi. Azumi ma yana ta matsowa cikin watannin sanyi: na 2025 ya kama a Maris, na 2026 a Fabrairu. Sannan in mai komawa Kano ko Zinder zai tarar da hunturu, wannan tsaraba ce da ba ta ƙara wa jaka nauyi.

Irin wadda za mu saƙa ba ta da yatsu. Tana rufe wuyan hannu da tafi, ta bar yatsu waje, don a ja carbi, a buɗe shafin Alƙur'ani, a latsa waya. Ita ce kuma mafi sauƙi ga mai koyo, domin ƙyalle ne mai kusurwa huɗu da za a naɗe a ɗinke gefensa, a bar wa babban yatsa ƙofa.

Ki tanadi ƙunshin zare ɗaya mai giram 50, matsakaicin kauri, wanda takardarsa ta ce a yi amfani da tsinke mai milimita 4. Sai tsinken saƙa biyu masu wannan lamba, da babbar allura mai dakusasshen baki, da almakashi, da tef ɗin awo. Daga Zahir kasuwar Utaibiyya ba nisa, kuma a shagunan kayan ɗinki in kin ce "suf" za a nuna miki. Sai dai ki karanta takarda, don mai shago duk zaren saƙa suf, wato ulu, yake ce masa, alhali mafi yawansa na roba ne. Ni na fi son gauraye, ulu da roba. Ulu zalla ya fi ɗumi amma yana da wuyar sha'ani wajen wanki, auduga kuwa ba ta komawa in ta miƙe, sai safar ta riƙa zamewa. Kuma ki guji baƙin zare a aikinki na farko, ko da kin so ya dace da abaya. Ba za ki ga madaukanki ba, ki wahalar da idonki a banza.

Kafin komai, ki koya wa hannunki saƙa iri biyu, don duk aikin a kansu ya tsaya. Ki yi zarge a bakin zaren ki rataya shi a tsinken hagu. Soka tsinken dama cikinsa, naɗa zare, jawo sabon madauki, ki ɗora shi a tsinken hagu kusa da na farko. Haka za ki yi ta ƙarawa har adadin da kike so ya cika. Saƙar fuska: zare yana bayan aiki, ki soka tsinken dama cikin madauki daga gaba ya ɓulla baya, ki naɗa, ki jawo sabo zuwa gaba, ki zame tsohon. Saƙar baya: ki dawo da zare gabanki, ki soka daga dama zuwa hagu ta gaban madaukin, ki naɗa, ki tura sabon baya. Ta farko tana fitowa sumul, ta biyu da ɗan ƙulli.

Yanzu sai awo, kuma nan ne yawancin masu gaggawa ke tsallakewa. Ki auna kewayen tafin wadda za a saƙa wa, daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. A ce ya ba ki santimita 19. Rage 2, saura 17, domin saƙa tana miƙewa, kuma safar da ba ta kama hannu ba iska ce ke shiga ta fita. Sai ki saƙa ɗan gwaji: madauki 26, layi ɗaya fuska, layi ɗaya baya, har tsawon santimita 6 ko 7. Shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki ƙirga madaukai nawa ne cikin santimita 10 na tsakiya. Da irin wannan zare akan sami 22. Ke nan kowace santimita tana cin 2.2, santimita 17 kuma ta ci 37 da 'yan kai. Adadin da muke nema shi ne wanda in aka cire 2 zai rabu gida huɗu, wato 34 ko 38 ko 42. A nan 38 ne.

Kada ki ari lissafin maƙwabciyarki. Hannun kowa da irin ɗaurinsa. Wata tana matse zare har tsinke ya ƙi shiga, wata tana sakinsa, kuma da zare ɗaya da tsinke ɗaya za su fitar da faɗi biyu daban. In gwajinki ya ba ki 24, hannunki mai matsi ne, ki ƙara madaukai ko ki ɗauki tsinke mai 4.5. Gwajin ba asara ba ne, warware shi za ki yi ki mayar da zaren cikin aiki.

Ɗora 38 ɗinki. Layi na farko: fuska biyu, baya biyu, haka har ƙarshe, ki ƙare da fuska biyu. Juya aikin. Layi na biyu: baya biyu, fuska biyu, ki ƙare da baya biyu. Ki maimaita waɗannan layuka biyu har santimita 6. Wannan ne wuyan safar, mai miƙewa ya koma. Abin lura ɗaya: duk lokacin da za ki sauya daga fuska zuwa baya, ki ratso da zaren tsakanin tsinken biyu, ba ta samansu ba. In ya hau sama, ya zama ƙarin madauki da rami, sai ki ga 38 ta koma 39. Ki riƙa ƙirgawa a ƙarshen layi har hannu ya saba.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Layi ɗaya fuska zalla, layi ɗaya baya zalla, har ki ƙara santimita 9.

Wannan ne wajen da mai saƙa ke morewa. Ba ƙirge, ba lissafi, hannu na tafiya da kansa, baki na salati ko hira. Lokacin da ya fi min daɗi shi ne bayan La'asar, rana ta yi sanyi amma haske bai gudu ba, ga shayi da na'a-na'a a gefe, yara ba su dawo daga hadda ba. In maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Hajiya, sannu da aiki, wa ake wa wannan?" sai hira ta ɓalle, layi goma su wuce ba a sani ba. Mace mai ido da ke iya zura zare a allura, da yatsun da ke lanƙwasuwa ba ciwo, ta sami abin yi wa Allah godiya, tun ma in wadda take saƙa wa ta riga ta rasa biyun. Amma kada daɗi ya ɗebe ki: ki ajiye tsinke lokaci-lokaci, ki miƙe yatsu, ki motsa kafaɗa.

Sai ki koma fuska biyu baya biyu na santimita 3, jimilla 18. Rufe baki: saƙa madauki biyu, ɗaga na farko ki tsallakar da shi ta kan na biyu, saƙa wani, ki sake tsallakarwa, har saura ɗaya. Yanke zare ki bar jela mai tsawon kamu biyu, ki zura ta ciki ki ja. Ki saki hannu sosai a wannan layin, domin baki mai matsi yana shaƙe yatsu.

Naɗe ƙyallen gida biyu a tsaye. Da allura ki ɗinko daga sama santimita 3 da rabi, ki ɗinko daga ƙasa santimita 10, abin da ya rage a tsakani shi ne ƙofar babban yatsa. Kafin ki ƙulle, ki sa mai ita ta gwada, don yatsan wata ya fi na wata. Ki ƙara ɗinki biyu a kowane bakin ƙofar, nan ne ke fara ɓarkewa. Jelar zare kuma a saƙala ta cikin bayan aiki, ba a yanke ta a gindi.

Ta biyu ki fara ta a ranar, tun lissafin bai fita kanki ba, kuma ki ƙirga layukan ta farko ki bi su, kada ki dogara da tef kaɗai. Ba ta da dama da hagu, kowacce na shiga kowane hannu.

In kin ba da ita, ki haɗa da bayani. Mace mai harami ba ta sa safar hannu. Hanin yana cikin Buhari daga Abdullahi ɗan Umar, wanda wasu masu tarihi ke cewa a nan yankin Zahir, wato Fakhkhu, aka binne shi. Saboda haka wadda ta nufi Masallacin A'isha a Tan'im don ɗaukar haramin Umara, ta cire ta ta sa a jaka har ta sauke, ko da yatsun a buɗe suke. Wajen alwala ma sai an cire.

Wanki da ruwa mai sanyi da sabulu kaɗan, a matsa a hankali, ba a murɗa ba. Ruwan famfo a Makka yakan zo da zafi tun daga tanki, shi kuma ulu in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ya ƙanƙance ya daskare, ba ya dawowa. Ki tari ruwan a roba ya huce tukuna. Shanya a shimfiɗe bisa tawul, a inuwa. In lokacin zafi ya shigo, ki wanke ta, ta bushe sarai, ki sa a jakar da ke rufuwa kirif saboda asu.