Ka Yi Lissafi Kafin Ka Ja Waya

Ɗana, zauna nan kafin ka tafi gida. Jiya ka dawo daga aikin da aka kira ka ranka a ɓace, kana cewa soket ɗin da ka ja wa mutanen nan jabu ne, shi ya sa ya narke. Na yi shiru ne don kada in kunyata ka gaban sauran yaran shago. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da na kira maigidan, sai ya ce butar shayi da dutsen guga iyalinsa suka jona a kai lokaci guda, kuma ka san da su tun kafin ka fara aikin.

Ka juya kowace buta ta lantarki, za ka ga rubutu a gindinta. Waccan wat 2000 aka rubuta mata. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, shi ne ƙarfin da ke tura wutar. Amfiya kuma ita ce yawan wutar da ke gudu cikin waya. In ka ninka bolt da amfiya, wat za su ba ka. To tunda ka san wat, ka san bolt, raba 2000 gida 230: amfiya 8.7 butar ke ja. Dutsen gugar wat 1200 ne, nasa amfiya 5.2. Haɗa su, ka kusa 14 ke nan. Shi kansa fulogi mai ƙafa uku, irin na Ingila da muke amfani da shi, amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wato kusan wat 3000. Ina ga siririyar wayar da ka ja, wadda ta fi dacewa da ƙwan fitila?

Akwai abu na uku da yaran yanzu ba sa son ji, turjiya. Duk abin da wuta za ta bi yana ɗan turje mata, ana kuma auna wannan da om. Raba bolt da amfiya ka same ta: 230 gida 8.7, butar nan om 26 ce da ɗoriya. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya fitar da wannan ƙa'ida a littafinsa na 1827. Mutanen ƙasarsa ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba da farko, sai a 1841 masanan Landan suka ba shi lambar girmamawa. Yau ga sunansa a jikin mitar da ke aljihunka.

Za ka ce me turjiya za ta ƙara maka. Ka ɗauka an kawo wuta maras ƙarfi, mita ta nuna bolt 180. Turjiyar butar tana nan kusan yadda take, don haka amfiyar ta sauko ƙasa da 7, wat kuma ya koma 1200 da 'yan kai. Bolt ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai, amma zafin ya zube da kusan kashi biyu cikin biyar. Idan wata baiwar Allah ta kawo maka buta ta ce ta daina tafasa ruwa da wuri, ka fara tambayarta yadda wutar unguwarsu take kafin ka kwance mata kaya ka caje ta kuɗin gyaran abin da bai lalace ba. Firij da injin famfo halinsu daban ne. Su injin gare su, in wuta ta yi rauni sai ya yi ta kokawa yana jan amfiya fiye da kima har ya ƙone.

Wurin da na fi so ka riƙe shi ne nan. Zafin da ke taruwa a waya, amfiya ce sau amfiya sau turjiya. Ka ninka amfiya biyu, zafi ya ninka huɗu. Ka ce akwai dunƙulen waya da ba ka ɗaure da kyau ba a cikin soket, turjiyarsa rabin om kacal. Da amfiya 1, rabin wat ne, ba wanda zai ji. Da amfiya 14 kuwa, wat 98 ne, kamar ka kunna tsohon ƙwai mai wat 100 ka rufe shi cikin roba. Ni ma ina saurayi na taɓa barin sukurun soket sakwa-sakwa don ina saurin zuwa ɗaurin aure. Allah ya sa da rana warin ya tashi, mutane na farke.

Aikin sola da kake ta ɗokin shiga ya fi wannan buƙatar lissafi. Kayan wat 600 a bolt 230 amfiya 2.6 suke ja. Kayan nan dai, daga batir mai bolt 12, amfiya 50 ne, har da ƙari saboda asarar da inbata ke yi. Shi ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa, kuma ake gajarta ta.

Sannan kada ka kuskura ka auna om a kan abin da ke da wuta a jiki. Cire fulogi tukuna, in ba haka ba ka rasa mitarka, ko abin da ya fi mita.

Gobe da safe ka koma gidan nan, ka ba maigidan haƙuri, ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ɗauki waya mai kaurin milimita 2.5 a bayan kanta, ka ja musu soket na bango, kuɗin a kaina. Kafin ka taɓa komai, ka bi ɗakunan ka rubuto mini wat ɗin duk abin da suke jonawa, mu zauna mu raba tare.