Maganin Sinawa a Kemis ɗin Jega

Wani mai sauraronmu daga Jega yana tambaya ko maganin gargajiyar Sinawa yana aiki kuwa.

Ai wani maganinsu ma yana nan a kemis-kemis ɗin Jega, Aliero da Maiyama. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sun samo asali ne daga wani ganye mai ɗaci da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa su sha. A 1972 wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin artemisinin daga cikinsa, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai jiƙon ganyen ba ya maye gurbin ƙwayar, domin ba shi da awo.

Tsira siraran allurai a jiki da Sinawa ke yi kuwa yana rage wa wasu ciwon baya, amma lallai ƙwararre ya yi, da sababbin allurai.