Jan Juna da Turin Juna Tsakanin Wayoyin Lantarki Biyu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Hans Osted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan aka kusantar da ita ga wayar da lantarki yake gudana a cikinta. Wannan ya nuna cewa irin wannan waya tana kewaye da ƙarfin maganaɗisu. A cikin shekarar ce kuma Bafaranshen nan Andire-Mari Amfiya ya tabbatar da cewa wayoyi biyu masu ɗauke da lantarki suna tasiri a kan juna.

2.0 Ƙa'idar Amfiya

Idan aka miƙe wayoyi biyu kafaɗa da kafaɗa, lantarki kuma yana gudana cikinsu zuwa fuska guda, za su ja juna. Idan ya saɓa fuska, sai su turi juna. Dalili shi ne kowace waya tana cikin kewayen maganaɗisun 'yar'uwarta. A nan ɗalibai sukan ruɗe, domin sun saba da cewa kawunan maganaɗisu iri ɗaya turin juna suke yi. Wajibi ne malami ya bambance musu ƙa'idojin biyu.

Ƙarfin yana ƙaruwa da yawan lantarki, yana raguwa da nisa. Idan kowace waya tana ɗauke da amfiya 1, tsakaninsu kuma mita 1, ƙarfin da ke kan kowace mita kashi 2 ne cikin miliyan 10 na niyuton ɗaya. Da wannan lissafi aka fayyace ma'aunin amfiya daga 1948 zuwa 2019, lokacin da aka koma ga cajin elektiron.

3.0 Muhimmancinta

Kada ƙanƙantar wannan adadi ta yaudari mai karatu. Idan wayoyi suka haɗu a tashar lantarki har amfiya 10,000 ya bi kowace, tsakaninsu santimita 10, ƙarfin yakan kai niyuton 200 a kowace mita, kusan nauyin kilo 20. Shi ya sa ake ɗaure su tamau.

4.0 Auna Fahimta

1. Rataya fallayen alminiyum biyu sirara dab da juna, ka haɗa su da batir na ɗan lokaci kaɗan, domin yana saurin zafi. Me ka gani?
2. Idan aka ninka nisan wayoyin sau biyu, yaya ƙarfin zai zama?